Shaƙuwar Iyali da Karen Gida: Tushenta, Sigoginta da Haƙƙin da Ke Biyo Bayanta

Tsakure

Wannan takarda ta dubi dangantakar da ke tsakanin iyali da karen da suke kiwo, ta hanyar bitar abin da masu haƙar kayan tarihi, masana halayyar dabbobi, malaman fiƙihu da jami'an lafiya suka rubuta. Ta nuna cewa shaƙuwar tana da tushe a tarihi da kuma halittar kare, amma al'ada da addini da doka su ke tsara sigar da take ɗauka a kowace al'umma. Hujjar takardar ita ce, kulawar da kare ke samu ita ce ma'aunin shaƙuwa, ko a falo yake kwana ko a zaure, kuma hukumar da ta san da wannan shaƙuwa tana iya dogaro da ita wajen ceton rayukan mutane, musamman a yaƙi da ciwon haukan kare.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2023 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Amurkawa masu kiwon dabbar gida yadda suka ɗauki dabbar. Kashi 97 cikin ɗari suka ce tana cikin iyalinsu, kashi 51 kuma suka ce matsayinta ɗaya da kowane ɗan gida. Bahaushen da ya ji wannan zai iya cewa ƙoshi ne ya kawo haka, domin a gidajenmu da yawa kare ba ya wuce zaure ko bayan danga, kuma ba a jera shi da 'ya'ya a lissafi. Sai dai wannan Bahaushen ya san mafaraucin da ba ya cin naman dawa sai ya yanka wa karensa rabonsa, ya kuma san yaron da ya ƙi cin tuwon dare ranar da mota ta take kwikwiyonsa.

Saboda haka takardar ta ɗora tambayoyi uku. Daga ina wannan shaƙuwa ta samo asali? Me ya sa sigarta ta bambanta daga wata al'umma zuwa wata? Wane haƙƙi ne ya rataya a wuyan iyali da hukuma a sanadinta? An tattara bayanan daga binciken da aka wallafa da kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar Hausa. An yi amfani da ra'in shaƙuwa na John Bowlby da Mary Ainsworth, wanda aka fara ginawa a kan dangantakar uwa da jariri, wajen auna bayanan.

2.0 Shaidar Ƙaburbura

Kare shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya fara kiwo, tun kafin a san noma, tun kafin akuya da tunkiya da saniya. Daga kyarkeci ya samo asali. An daɗe ana bayyana wannan zama a matsayin cuɗanni in cuɗe ka: kare ya yi farauta da gadi, mutum ya ba shi abinci. Wannan bayani gaskiya ne, amma wasu ƙaburbura biyu sun nuna cewa bai ƙare zancen ba.

A 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na ƙasar Jamus, suka tono ƙabarin wani namiji da wata mace da aka binne tare da kare kimanin shekaru 14,000 da suka wuce. A 2018 Luc Janssens, wanda likitan dabbobi ne, da abokan aikinsa suka sake duba haƙoran karen. Sun gano cewa kwikwiyo ne da ya mutu yana da kimanin makonni 28, kuma tun yana da makonni 19 cutar distempa ta kama shi, cutar da ke kawo zazzaɓi da amai da gudawa, ta kuma kashe mafi yawan 'yan kwikwiyon da ta kama. Wannan kwikwiyo ya sha jinya ta makonni. A ra'ayin masu binciken, ba zai kai wannan lokaci ba sai da wanda ya riƙa ba shi ruwa da abinci, yana share masa jiki, yana ɗumama shi. A duk tsawon jinyar babu farautar da ya yi wa kowa, babu gadin da ya yi.

Ƙabari na biyu yana Ain Mallaha, a kwarin Hula da ke arewacin Isra'ila ta yau. Simon Davis da François Valla sun ba da rahotonsa a mujallar Nature a 1978: wani mai yawan shekaru da aka binne kimanin shekaru 12,000 da suka wuce, hannunsa a kan wani kwikwiyo. Waɗannan mutane mafarauta ne masu tsintar 'ya'yan itace, ba su da wata wadata. Shaƙuwar ta girmi dukiya da zaman birni.

3.0 Abin da Gwaji Ya Nuna

A shekarun 1960 Mary Ainsworth ta tsara wani gwaji don auna shaƙuwar jariri da uwarsa. Ana shigar da su ɗakin da jaririn bai sani ba, wani baƙo ya shigo, uwar ta fita, ta dawo, ana lura da abin da jaririn zai yi. A 1998 József Topál da Ádám Miklósi da abokan aikinsu a Jami'ar Eötvös Loránd ta Budapest, ƙasar Hungari, suka yi wannan gwaji da karnuka 51 da masu su. Idan mai kare yana cikin ɗaki, karen yakan sake jiki, ya yi wasa, ya shinshina ko'ina. Da zarar ya fita, sai karen ya koma bakin ƙofa ya tsaya, ko da baƙon yana jan sa da wasa. Idan ya dawo kuma, tarbar da yake samu ta sha bamban da wadda baƙon ke samu. Wannan shi ne abin da ra'in ya kira madogara: wanda kasancewarsa kusa ke ba ka ƙarfin zuciyar fuskantar abin da ba ka sani ba. A 2001 Márta Gácsi da wannan ayari suka nuna cewa manyan karnukan da aka yasar a gidan ajiyar dabbobi sukan fara nuna irin wannan hali ga mutumin da ya zauna da su sau uku kacal, minti goma-goma.

Daga nan bincike ya koma cikin jiki. A 2015 Miho Nagasawa da Takefumi Kikusui na Jami'ar Azabu a Japan suka wallafa a mujallar Science cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna ido cikin ido, sinadarin oksitosin yakan ƙaru a jikin kowannensu. Wannan sinadari shi ne wanda ke aiki lokacin haihuwa da shayarwa, yana ƙulla uwa da abin da ta haifa. Ba su ga haka ba tsakanin kyarketan da aka rena a hannu da masu renonsu. A 2019 kuma Juliane Kaminski ta Jami'ar Portsmouth a Ingila da abokan aikinta suka nuna cewa kare yana da wata tsoka a saman ido wadda ke ɗaga gefen girarsa na ciki, har idon ya yi girma ya yi kalar tausayi, alhali a jikin kyarkeci tsokar 'yar kaɗan ce. Suna ganin mutane ne, da saninsu ko ba da saninsu ba, suka riƙa fifita karnukan da fuskarsu ke taɓa zuciya, har halin ya bi jini.

Akwai muhawara a nan. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stockholm a 2022 ya nuna cewa kyarketan da aka rena tun suna jarirai su ma suna bambanta mai renonsu da baƙo. Idan haka ne, irin shaƙuwar yana jikin kakan kare tun asali, kiwo ya raya shi ne kawai. Ko wanne ɓangare ya yi rinjaye, abin da ya shafi wannan takarda bai sauya ba: duk karen da ya tashi a hannun mutane yana shaƙuwa da su, ba ruwansa da ƙasarsu ko addininsu.

Game da amfanin kare ga lafiyar mai shi, ya kamata a yi taka-tsantsan. Erika Friedmann da abokan aikinta sun ruwaito a 1980 cewa masu ciwon zuciya da ke da dabbar gida sun fi waɗanda ba su da ita kai wa shekara guda bayan sallama daga asibiti. Wani bincike na Jami'ar Uppsala a 2017, wanda ya bi bayanan mutanen Suwidin miliyan 3.4, ya sami ƙarancin mutuwa a tsakanin masu kare, musamman waɗanda ke zaune su kaɗai. Amma Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta yi gargaɗi tun a 2013 cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Mai lafiya da abin hannu shi ya fi iya riƙe kare tun farko.

4.0 Sigar Turai da Amurka: Daga Dukiya Zuwa Ɗan Gida

A ƙasashen Yamma shaƙuwar ta kai har ta tilasta wa doka sauyawa. Tun a 1990 Jamus ta rubuta a kundin dokokinta na farar hula cewa dabba ba kaya ba ce. Faransa ta yi makamancin haka a 2015, inda ta amince cewa dabba halitta ce mai rai da ke jin daɗi da zafi. A Sifen, daga Janairun 2022, idan aure ya mutu alƙali yana duba maslahar karen gida kafin ya yanke wanda zai riƙe shi. Jihohin Alaska, Illinois da Kalifoniya a Amurka su ma sun ba alƙalai irin wannan dama tsakanin 2017 da 2019.

Darasi mafi tsada shi ne na guguwar Katrina, wadda ta afka wa birnin New Orleans a watan Agustan 2005. Motoci da jiragen ceto sun ƙi ɗaukar dabbobi, matsugunan gaggawa ma sun ƙi karɓarsu. Mutane da dama suka gwammace su zauna cikin ambaliya da su tafi su bar karnukansu, wasunsu kuma a nan suka rasu. Waɗanda aka raba da dabbobinsu da ƙarfi sun daɗe suna neman su daga wannan jiha zuwa waccan. A watan Oktoban 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa jihohi da ƙananan hukumomi sanya dabbobin gida cikin shirinsu na kwashe jama'a, in har suna son tallafin gwamnatin tarayya. Masu tsara ceto sun ɗauki shaƙuwar a matsayin shirme, sai da rayukan mutane suka salwanta sannan suka shigar da ita lissafi.

5.0 Sigar Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Ba a fahimtar matsayin kare a gidan Bahaushe sai an bi ta fiƙihu. Alƙur'ani ya ambaci kare cikin ƙissar Ashabul Kahfi, yana kwance a bakin kogo tare da samarin, kuma a Suratul Ma'ida an halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. A ɗaya ɓangaren akwai hadisan da suka yi magana a kan raguwar ladan wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, da rashin shigar mala'iku gidan da ke da kare, da wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Mazhabobi sun saɓa wajen fahimtar na ƙarshen. Shafi'iyya suna ganin kare najasa ne mai kauri. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma, tana ganin duk mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wankin ƙwaryar kuma bin umarni ne na ibada.

Masu sharhin littafin Risala sun kawo wani labari game da mawallafinta, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya. Katangar gidansa ta faɗi a lokacin da yake tsoron maƙiya, sai ya ajiye kare don gadi. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi a ajiye kare a cikin gida, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. A kan irin wannan fahimta malamai da yawa suka halatta karen gadi idan buƙata ta kama.

Wannan ne ya haifar da siga ta musamman: kare na gida ne, amma ba na ɗaki ba. Yana da kaskonsa daban, yana cin ragowar tuwo da ƙanzo, yana kwana a zaure ko gindin rumbu. Mai kallo daga waje zai iya cewa babu shaƙuwa a nan, alhali alamomin da Topál ya auna duk suna nan. Karen mafarauci yana gane muryar maigidansa cikin hayaniyar farautar rani, yana kuma komawa wurinsa idan ya ji rauni. Karen Bafulatani makiyayi yana bin garke da iyali duk inda aka yi ƙaura. Abzinawan kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, sun shahara da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu wanda ke gadin zango yana farautar barewa da zomo, har duniya ta san shi da sunan kwarin. A cikin gari kuwa, sau da yawa yara maza ne ke tsinto kwikwiyo, su raɗa masa suna, su riƙa ɓoye masa loma daga kwanonsu.

Inda gyara yake shi ne wajen kulawa. Da yawa daga cikin waɗannan karnuka suna da masu su, amma sakinsu ake yi su nemi abinci a juji da mahauta, ba a kai su wurin likitan dabbobi, kuma jifan kare ya zama wasan yara a unguwanni da dama. Nassin da ya iyakance dalilan ajiye kare bai sauke wa wanda ya ajiye shi nauyin ciyarwa da shayarwa da jinya ba.

6.0 Ciwon Haukan Kare: Inda Shaƙuwa Ke Zama Haƙƙi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan duk waɗanda suka kamu daga kare suka samo shi, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake: yaro ne ya fi kowa kusa da kare, shi ne kuma zai ɓoye cizo ko yaƙushi don tsoron faɗa. Ƙwayar cutar tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Da zarar alamomi sun bayyana, irin su tsoron ruwa da firgita, da wuya a rayu. Kafin nan kuwa ana iya tare ta da allura, kamar yadda Louis Pasteur ya fara nunawa a 1885 a kan yaro Joseph Meister.

Hanya mafi araha ita ce yi wa karnuka allurar rigakafi. Idan aka kai kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Meziko ta bi wannan hanya shekara da shekaru, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da kamuwar mutane ta hanyar kare. Kashe karnuka barkatai bai taɓa kawo irin wannan sakamako ba, domin wasu ne ke maye gurbinsu, kuma iyalai sukan ɓoye nasu ko su kai su wani gari.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Injamena, babban birnin Chadi, inda Jakob Zinsstag na cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan ya yi aiki da hukumomin ƙasar. Bincikensu ya nuna cewa karnukan da ba su da mai su kaɗan ne a birnin. Lokacin da aka sa masu karnuka su biya kuɗin allura, kaɗan ne suka fito. Da aka yi ta kyauta a unguwanni a 2012 da 2013, an kai kimanin kashi 70 da ake nema, aka kuma yi watanni da dama ba a ga mahaukacin kare a birnin ba, kafin cutar ta sake shigowa daga waje. Abin lura shi ne, ba jami'ai ne suka yi ta farautar karnuka a titi ba. Masu su ne suka jawo su da igiya zuwa wurin allura, domin kare ba ya yarda kowa ya riƙe shi sai wanda ya shaƙu da shi. Dawowar cutar kuma ta nuna cewa aikin na kowace shekara ne, tunda karnukan da ke yawo ba sa daɗewa a duniya, sababbi ne ke tasowa. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to allurar bara ma ba ta kare kwikwiyon bana.

7.0 Shawarwari

Na farko, ma'aikatun lafiya da na dabbobi su riƙa shirya allurar karnuka kyauta sau ɗaya a shekara, a ƙofar mai unguwa ko dagaci. Nijeriya tana da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, Jihar Filato, wadda ke sarrafa wannan allura, kuma ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, lokaci ne da ya dace.

Na biyu, a shigar da ƙungiyoyin mafarauta, sarakunan Fulani da 'yan sintiri cikin shirin tun daga tsarawa, domin su ne ke riƙe da karnuka masu yawa, su ne kuma karnukan ke saurara.

Na uku, malaman addini su riƙa haɗa bayanin hukuncin ajiye kare da bayanin haƙƙinsa a kan wanda ya ajiye shi, su kuma tsawatar a kan jifa da azabtarwa.

Na huɗu, a koya wa yara a makarantun boko da na allo cewa duk cizo ko yaƙushin kare a faɗa wa manya nan take, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran maganin gida.

Na biyar, sassan Hausa da na likitancin dabbobi a jami'o'inmu su haɗa hannu wajen nazarin zaman kare a gidajenmu: wa ke ciyar da shi, wa ke yanke shawara a kansa, me ke hana a kai shi allura.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa shaƙuwar iyali da kare tsohuwa ce, tana da tushe a halitta, kuma ba mallakin wata al'umma ba ce. Bature ya kai ta har ɗakin kwana da gaban alƙali. Bahaushe ya tsayar da ita a zaure bisa fahimtarsa ta addini, kuma babu abin da ke cikin binciken da aka bita da ke buƙatar ya sauya wannan iyaka. Abin da ake buƙata daga gare shi shi ne ciyarwa, ɗaurewa inda ya dace, da allura. Ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa daga cizon mahaukacin kare. A yankinmu cimma wannan buri ya dogara ne a kan mafarauci da makiyayi da yaron da ke riƙe da kwikwiyo, don haka da su ya kamata hukuma ta fara magana.